Gabar da Na Yi Ni Kaɗai

A Zuru an san ni da iya karanta fuskar mutum, ko dai ni na san kaina da haka. Ranar da na ɗaga wa maƙwabciyata Mama Saratu hannu a hanyar coci, ta zuba mini ido ba ta amsa ba, nan take na yanke hukunci: matar nan ta tsane ni.

Daga nan komai ya zama hujja. Ta wuce ƙofata ba ta waiwayo ba, hujja. Ta yamutsa fuska in na doso, hujja. Na daina gaishe ta, har hanyar kasuwa na canza.

Ran nan a bakin famfo, gaban matan unguwa, na riƙe ƙugu na ce, "Mama, wai me na tsare miki?"

Ta miƙo hannu tana laluben kafaɗata. "Wayyo 'yata, ke ce? Yanar ido ce ta rufe mini gani. Da na daina jin muryarki na ɗauka kin koma garin Mahuta. Kullum ina sa ki a addu'a."

Mata suka kwashe da dariya, wata har ta kifar da bokitinta.

Yanzu an yi mata aikin ido. Tun daga nesa take ƙwala mini kira: "Na gan ki, abokiyar gabata! Ku shaida, jama'a, na amsa!"