Ranar da Malam ya cire ɗan wasana da Tabaraka

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na yi kocin minti arba'in a Dudunni.

Na je hutun sallah daga Kano, aka ce yaran garinmu za su buga da 'yan Mawashi. Ni kuwa da rigar kulob ɗina da baƙin gilashi, nan take na karɓe ragamar yaran (ba wanda ya naɗa ni fa, kawai na fi kowa kallon ƙwallo a waya).

Ana cikin wasa aka bugo kwana. Nura ɗan yayata, shekararsa sha huɗu, ya tashi zai sa kai, wani dogo shi ma ya tashi. Ƙarar haɗuwar kawunansu har wajen masu rake aka ji ta. Nura ya zube. Na ruga na fasa mashi ruwan leda a ka, na ɗaga yatsu biyu.

"Nawa ne?"

"Biyu."

"Garau yake! Tashi ka koma, kai namiji ne."

Sai na ji an riƙe mani gefen riga. Malam Sale ne, malaminsu na Islamiyya, dawowarsa daga gona ke nan, fartanya a kafaɗa.

"Ɗan birni, dakata. Nura, biya mani Tabaraka."

Na yi 'yar dariya. "Malam, wannan harkar ƙwallo ce, ku bar mana."

Ko kallona bai yi ba. Nura ya yi bisimilla, ya ja aya ɗaya, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa. Yaron da ke da izu ashirin a ka! Can ya dubi Malam ya ce, "Wai me muke yi nan?"

Wallahi sai na cire baƙin gilashin nan.

"Yaron ga da safe ya kawo mani ita ba gyara ko ɗaya," in ji Malam. "Kan bai zauna ba. A samo mota."

A asibiti a Kankia likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgizu, kuma ba sai an ga jini ko an suma ba. Da Nura ya koma fili ya ƙara buguwa kafin ta warke, abin zai iya kaiwa ga rai. Ya tambayi yadda aka gane, aka gaya mashi. Ya daɗe yana jinjina kai.

"To wa ya ce ya koma fili?"

Yayata ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan, masanin Kano."

(Na duƙa ina gyara igiyar takalmi. Silifa ne a ƙafata.)

Nura ya huta sosai, ba ƙwallo ba waya, hadda ta dawo daram, alhamdulillahi. Ni kuwa na gane sanin sunan 'yan wasan Turai kaf ba ya nuna maka abin da ke cikin kan yaro. Yanzu in na je gida, aikin da suka yarda su ba ni shi ne gadin takalma.