Bokitin da Na Ɗana wa Taubashina

Wata Juma'a na ci karo a waya da tsohon katun ɗin da muke kallo muna ƙanana, na wasu yara marasa jin magana. Na tara 'ya'yana muka kalla. Da aka zo inda suka ɗora bokitin ruwa a saman ƙofa, sai autata ta ce, "Baba, ƙarya ce, ba zai zauna ba."

Ni za a faɗa wa haka? Na ce a ciko bokiti. Dama taubashina yana tafe daga Mai'adua, kuma tsakaninmu ba a fushi. Na taka turmi na daidaita shi a ƙofar zaure kamar injiniya.

Muka ji sallama, yara suka amsa da murna. Bokiti dai bai ba ni kunya ba. Sai dai surukina ne ya shigo, cikin farar babbar riga, mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Ya matse gemu ya dubi jikokinsa. Duk suka nuna ni. "Allah ya shirya," kawai ya ce.

Har yau in ya zo, daga waje yake tsayawa ya ɗaga murya: "Ku tambayi babban yaron gidan, in shigo ko in buɗe lema?"