Yadda Za Ki Gina Duniya a Ƙwace Miki Ita

"Ba zan sa dodo ba, Yallaɓai." Haka na ce wa Oga a gaban kowa, a kamfanin da muke haɗa wasan kwamfuta na yawo a sararin samaniya. Ke ma, 'yar'uwa, bi matakan nan. Na ba ki tabbacin za ki gina duniya mai kyau, ki kuma rasa ta tare da kujerarki.

1. Fara da rana

In an ce ki ƙirƙiri duniyar da 'yan wasa za su sauka, kada ki shafa wa dutse launin shuɗi ki tashi, irin na masu hankali. Yi duniyar da ba ta juya wa ranarta baya: gefe ɗaya wuta, gefe ɗaya ƙanƙara, rai kuwa sai a siririn tsakiya, inda kullum magariba ce. Ai ba don ado kika yi digiri ba.

2. Ciyar da kowa

Shuka ciyawa baƙa, don ta sha ɗan hasken da ke akwai. Kawo ƙananan halittu masu ƙoƙon baya kamar kunkuru, da fata kamar laima, iska na tura su suna lasar raɓa. In sun mutu, iri ya tsiro a cikin ƙoƙonsu. Kowa da abincinsa, babu mai cin wani.

3. Yi wa Mama bayani

Za ta leƙo allon kwamfutarki ta ce, "To su waɗannan, suna da amfani?" Ce mata suna raye. Za ta ce, "Allah ya shirya," ta ajiye miki abinci ya huce.

4. Yi tambayar da ba a so

A taro Oga zai ce, "Ya yi kyau, Malama. Amma me za a harba? Sa mana dodo, girman tirela, haƙora layi uku."

Ki ce, "Me zai ci, Yallaɓai?"

"'Yan wasa mana!"

"Kafin su iso fa? Kunkurayena duka ba su kai masa karin kumallo ba."

Za a yi dariya. Lura da kyau: shi bai yi ba.

5. Ƙi taimako

Mai Gemu, abokin aikinki, zai raɗa miki, "Hajiya, sa masa abinsa. Wa zai duba cikin dodo?" Harare shi. Mai gaskiya ba ta buƙatar abokai, sai dai a lokacin da za ta kwashe kayanta daga tebur.

6. Tsaya a kan bakanki

Za a sake ba ki umarni. Sake ƙi. Kafin a tashi aiki Mai Gemu ya dasa dodon a tsakiyar ciyawarki, har da wuta a baki.

Gargaɗi

Ba ruwana da abin da zai same ki. Ni dai an sallame ni, an cire sunana daga wasan, duniyar kuwa ta kamfani ce tun ranar da na sa hannu. Wasan ya karɓu. Yayana ma yana bugawa a falo, yana tattake kunkurayena a guje yana ihu, "Ƙanwata, dodon nan naki ya haɗu!"

Da za a sake tambayata, amsar ba za ta canza ba. Dodon yana nan ya yi ƙiba, babu wanda ya san me yake ci. Ni ce nake neman aiki.