Jingar da Sadiya Ta Karanta a Gaban Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da tsufa zai sa in manta lambar gidana. A Agege abin ya faru, shekara guda da 'yan watanni bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da bakin kowa ya buɗe, daga kwandastan danfo (motar haya ta Legas) har mai shayi kowa yana da ra'ayi a kan gwamnati. Nawa bakin ma ya buɗe, sai dai ni ba a kan gwamnati ya buɗe ba.

Daga Zariya na zo Legas da takardar shaidar malanta a cikin leda da girman kai cike da ciki. Wanda ya karɓe ni shi ne Alhaji Sule, abokin mahaifina tun suna samari, dillalin goro da ya fi shekara talatin a Agege. Shi ya samo mini ɗaki, shi ya ciyar da ni satin farko, kuma shi ne mai 'yar makarantar firamaren da ke bayan shagonsa, inda ya sa hedimasta ya ɗauke ni koyar da Turanci. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mini: wata uku na gwaji, a ƙarshe Alhaji zai shigo aji da wasu iyaye su ga yadda nake koyarwa. In sun gamsu in zauna, in ba su gamsu ba in nemi motar gida. (Ni kuwa na riga na aika wasiƙa Zariya cewa na zama babban malami a Legas, har ƙanwata ta karanta wa maƙwabta.) Don haka komawa gida ba ta cikin lissafina ko kaɗan.

Gidan da nake haya irin na Legas ne, doguwar baranda a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, in ka yi atishawa a ɗakinka, mai ɗaki na shida zai ce maka sannu. Ƙofar da ke kallon tawa ta su Sadiya ce, ɗalibata a aji shida, 'yar shekara goma sha ɗaya, haifaffiyar Agege. Hausa, Yarbanci, Turancin kasuwa, duk a bakinta suke. Ita ce ta ɗaya a ajin, kuma yarinya ce da in ka ce ta kawo tsakuwa goma ba za ta kawo tara ba.

A satin ƙarshe na gwajin muna kan darasin juya magana, abin da littafi ke kira direct da indirect speech. Wato ka ɗauko maganar mutum kalma da kalma yadda ta fito daga bakinsa, sannan ka mayar da ita labari, ka ce wane ya ce kaza. Yara sun gaji da misalan littafi, kullum wani Bature yana cewa zai tafi tashar jirgi. Sai wata dabara ta zo mini, har na ji ina yaba wa kaina. Na ce kowa ya koma gida ya kasa kunne, ya rubuta magana uku da ya ji wani babba ya faɗa, ya mayar da su Turanci, sannan ya juya su. Na kafa doka da alli a hannu: a rubuta sunan wanda ya yi maganar, ba ƙari, ba ragi, ba a canza ma'ana. Na ce duk wanda ya ƙirƙiro ƙarya zan gane, kuma sifiri zai samu.

Ranar Litinin na ba da jingar. Da la'asar ɗin ranar abokina Garba, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya biyo ta wajena. Muka zauna a baranda, ina goge takalmi yana ɓare gyaɗa. Ya tambaye ni yadda aiki yake, ni kuma na gyara zama. Wallahi har yau ban san abin da ya hau kaina ba. Alhaji Sule, mutumin da ya ɗauke ni kamar ɗansa, shi na shimfiɗa a barandar nan na yi ta yanka. Na kwaikwayi tafiyarsa, na kwaikwayi yadda yake zama in ana taro. Garba yana dariya har yana ƙwarewa, ni kuma dariyar tana ƙara mini mai. Na ga Sadiya a bakin ƙofarsu da littafi a cinya tana rubutu, har na ce a raina, ka ga yarinyar kirki, ba ta wasa da karatu.

Talata yara suka kawo littattafan. Malamin kirki zai zauna ya duba su. Ni sai na tara su a kan tebur na hau danfo zuwa kasuwa neman kwat ta gwanjo, don a ganina abin da zai burge iyaye ke nan. Na samo wata baƙa mai kauri, irin wadda aka ɗinka don ƙasar da ake ƙanƙara, na dawo ina jin kaina kamar lauya. Ko littafi ɗaya ban buɗe ba, washegari da safe na mayar musu da su yadda suka kawo.

Laraba da ƙarfe goma suka shigo. Alhaji Sule a gaba da babbar riga ruwan toka, hedimasta a bayansa (wani dattijon Bayarabe mai tabarau, wanda Turancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, ko da yake a lokacin ba zan yarda ba), sai iyaye biyar ko shida, cikinsu har da mahaifiyar Sadiya. Aka jera musu benci a bayan aji. Rufin kwano ya ɗauki zafi, ni kuma ina cikin kwat ina naɗe hannu a baya ina zagaye.

Farko abin ya tafi yadda nake so. Wani yaro ya karanta cewa babansa ya ce a rufe buta, ya juya daidai. Wata ta karanta cewa kakarta ta ce kifin bana ba shi da daɗi. Iyaye suna murmushi, hedimasta yana rubutu a takarda. Na ajiye Sadiya don ƙarshe, yadda mai tuwo ke ajiye tsokar nama. Na ce da Turanci, da murya mai ƙarfi don na baya su ji, yanzu ga ɗalibar da ta fi kowa.

Ta fito gaban allo, ta buɗe littafi, ta gyara tsayuwa. Maganar farko da ta karanta, ma'anarta ita ce: Malam ya ce, "Alhaji yana da makaranta amma da babban yatsa yake sa hannu."

Na ɗauka kunnena ne. Kafin in haɗiye yawu ta juya ta, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ta shiga ta biyu: Malam ya ce, "Ba don ni ba, makarantar nan rumfar goro ce kawai." Ita ma ta juya ta. Ka tuna tsarin jingar nawa ne, kowace magana sai an faɗe ta sau biyu. Hedimasta ya daina rubutu, ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Yaran da suka gane suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ni kuwa gumi yana bin bayana a cikin kwat kamar an buɗe famfo. Na ɗaga hannu in tsayar da ita, amma idonta yana kan littafi.

Ta uku ita ce har gobe nake ji a kunnena da muryarta siririya: "Malam said, 'Alhaji nods his head like a lizard.'" Wato wai in ana Turanci Alhaji sai ya riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare, alhali ba ya jin ko kalma ɗaya. Na saci kallon bayan aji. Alhaji Sule yana zaune, fuskarsa cike da fara'a, yana gyaɗa kai.

(Wani abin kunyar kuma, a tsakiyar wannan masifa wani ɓangare na ƙwaƙwalwata yana lura cewa ta mayar da aikatau zuwa shuɗaɗɗen lokaci daidai yadda na koya musu.)

Ta rufe littafi. Alhaji ya fara tafi, iyayen da ba su ji Turanci ba suka taya shi. Na fara tunanin ko Allah zai rufa mini asiri a tashi a haka. Sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Malam, na ji sunana ya fito sau da yawa a bakin 'yar nan. Me ta ce a kaina?"

A nan ne na ƙara wa kaina wani laifin a kan na farko. Na ce, "Baba, cewa ta yi... wai kai mutum ne mai son ilimi, mai sauraro da kyau in ana karatu."

Sadiya ta ɗaga hannu, yadda na koya musu a yi kafin a yi magana. Ban ba ta izini ba, amma Alhaji ya ba ta.

"Malam, kai ka ce ba a canza ma'ana."

Mahaifiyarta ta taso daga benci tana cewa, "Ke, rufe mana baki, mara kunya." Alhaji ya ce, "Ƙyale ta, Hajiya. Zo nan, jikata. Faɗa mini da Hausa, yadda kika ji." Ta je gabansa ta faɗa masa duka ukun, da Hausar da na yi su, har da inda na ja murya. Ta ƙara da cewa ranar Litinin ne, a baranda, ina goge takalmi.

Na so ƙasa ta tsage. Na tuna tuwon da na ci a gidan mutumin nan, na tuna katifar da ya sa aka kawo mini. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, ba ta tsoron kora ba ce ma a lokacin, ta ganin kaina ce yadda nake.

Alhaji ya ciro goro daga aljihu, ya dube shi, ya mayar. Sannan ya yi magana, ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Maganar yatsa gaskiya ce. Shekara talatin ina garin nan, duk takardar da ta zo mini sai na nemi wanda zai karanta, ya san sirrina kafin ni in sani. Abin da ya sa na gina ajin nan ke nan, kada 'ya'yanmu su yi irin zamana. Gyaɗa kai kuma, ai ban taɓa cewa ina jin Turanci ba. Muryar yaran nake ji suna yin abin da ban iya ba, sai daɗi ya kama ni."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya da alli a hannu, idona ya cika da ƙwalla, a gaban yara talatin.

Ya juya wajen hedimasta. "Oga, aikin da yarinyar ta yi, daidai ne ko akwai gyara?"

Hedimasta ya mayar da tabarau ya ce da Hausarsa ta Agege, "Alhaji, ko ɗigo babu gyara."

"To wanda ya koya mata ya iya aikinsa. A bar shi ya ci gaba." Ya miƙe, ya tattara rigarsa. Da ya zo daidai inda nake ya tsaya, ya rage murya, amma ba yadda 'yan bencin gaba ba za su ji ba. "Ɗana, ka san hanyar shagona. Gobe in kana da magana a kaina, kawo mini ita da bakinka. Ba sai ka ba yara jinga ba."

Haka na samu aikin da na yi wata uku ina nema, kuma ban taɓa karɓar abin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Bayan an tashi na cire kwat ɗin na bi shi shago, na durƙusa a tsakanin huhunan goro na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, ya kuma ce mahaifina ba zai ji daga bakinsa ba. Mahaifin nawa kuwa bai ji ba har Allah ya karɓi ransa. Amma Agege ta ji. Wata guda cur in na wuce mai shayi sai ya gyaɗa mini kai sau uku, ba ya cewa komai. Mahaifiyar Sadiya ta aiko mini da tuwo don ban haƙuri, wanda ya ƙara kashe ni, tunda ba su ne suka yi laifi ba. Littafin Sadiya kuwa da daddare ban iya buɗe shi ba, sai da safe na zauna na ba ta goma bisa goma, na rubuta mata da jan biro cewa aiki ya yi kyau.

Shekara huɗu na yi a makarantar, kullum da safe sai na bi ta gaban shagon Alhaji na gaishe shi, kullum sai ya amsa da fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na ci gaba da koyar da juya magana, amma na koma wa Baturen littafi da tashar jirginsa, shi ba ya da maƙwabta. Na kuma koyi duba jinga kafin in kira kowa gaban allo. Babban abin da ya zauna mini dai shi ne, duk yadda aka juya magana, sunan mai ita yana nan a farkon layi. Har yau in na ji harshena yana ƙaiƙayi a kan wani, sai in tambayi kaina ko zan iya tsayawa a karanta maganar a gabansa sau biyu, sannan a fassara masa. Yawanci ba zan iya ba, sai in nemi ruwa in sha.