Baƙar Kyamara a Bikin Malam Bulus

Ba zan taɓa mantawa da bikin Malam Bulus a Kagoro ba, ko da shi angon zai manta. Har yau in na ji 'yan zumuntar mata suna kaɗa tulu a coci, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Kafanchan, bayan tashar jirgin ƙasa, shekaru kaɗan da gama yaƙin basasa. Shago ne da in mutum uku sun shiga, na huɗu sai dai ya jira a waje, amma na sa an rubuta sunana a allon ƙofa da manyan baƙaƙe kamar ni na ƙirƙiro hoto a duniya. Kyamarata ɗaya ce, tsohuwa, irin wadda gilashinta a manne yake, ba ya ciruwa. Da ita nake ɗaukar 'yan makaranta da ma'aikatan reluwe da amare, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ni ne dai na fara raina ta.

Rainin ya samo asali ne daga wani Bature, malamin makarantar mishan, mai yawon ɗaukar tsuntsaye a gindin dutsen Kagoro. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini dogon gilashinsa, irin mai jawo nesa kusa. Baƙi ne wuluk, ya fi damtsena tsawo, ga nauyi kamar taɓarya. Mutum na can nesa, in ka leƙa sai ka ga har ƙiftawar idonsa. Matsalar ita ce gilashin kaɗai ya ba ni. Dole in nemi bodi na biyu, wato gangar kyamarar da ake ɗaura shi a kai.

Ana cikin haka sai ga Bulus a shago. Tare muka yi firamare, shi ya wuce ya zama malamin makaranta, ni na tsaya inda kaina ya tsaya.

Ya ce, "Mai Hoto," (haka kowa ke kirana, har mahaifiyata) "hoton coci da na amarya ba su dame ni ba, na san za ka yi. Mama nake so. Bayan biki za a tura ni koyarwa can wajen Yola, ita kuma ka ga shekaru. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Da ta hango kyamara sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa."

Na ce, "Me ya sa?"

"Wa ya sani? Ka san tsofaffi. Ƙila tana ganin yana rage kwana."

Ya faɗa yana dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa nan take na daki ƙirji. Na ce ya bar mini komai, zan ɗauki mahaifiyar tasa, Mama Kande, ba tare da ta ma san an yi ba.

Na wuce wurin Alhaji Sale mai agogo a kasuwa, don shi ke kawo tsofaffin kyamarori daga Ikko. Muka gwada, bodi biyu ne bakinsu ya yi daidai da gilashina. Ɗaya fara ce, mara nauyi, in ka danna da ƙyar za ka ji motsinta, kuma da nata ƙaramin gilashin ta zo. Ɗayar baƙa ce, ƙatuwa, ba ta da gilashi ko ɗaya, in ka danna sai ta ce ƙarau kamar an rufe akwatin ƙarfe.

Alhaji ya ce, "Ɗana, ɗauki farar nan. Ran da tsohuwar kyamararka ta gaji, kana da ta aikin yau da kullum. Baƙar nan in ba dogon abin nan ba, ba ka da abin ɗaura mata."

Na ce, "Alhaji, 'yan jarida a Kaduna baƙa suke ratayawa."

"Kai ɗan jarida ne?"

Na ɗaura dogon gilashin a kan baƙar, na kalli kaina a madubin shagonsa, wallahi na ga mutum! Shi ke nan zaɓi ya ƙare. (Ba fim na duba ba, ba maɓalli na duba ba, madubi na duba.)

Da na isa gida sai na tarar hannuna ba ya iya riƙe ta a tsaye, rawa yake yi. Baturen ya tafi da abin ɗorawarsa mai ƙafa uku. Maimakon in nemi irinsa, sai basira ta zo mini. Na je wurin kafinta na sa ya sassaƙa mini katako wanda zan dafa a kafaɗa, gilashin ya kwanta a kansa. Da na ga farin katako bai dace da baƙar kyamara ba, na samo baƙin fenti na shafe shi tas. Yanzu mai karatu ya tsaya ya zana abin a ransa: dogon baƙin ƙarfe, da gindin katako a kafaɗa, da mutum ya runtse ido ɗaya. Kowa ya ga abin da na haɗa, ban da ni.

Ranar biki na ɗaure baƙar cikin buhu a bayan babur, tsohuwar kyamarar kuma a wuya. A coci komai ya tafi daidai. Fasto ya ɗaura aure, na ɗauki ango da amarya Rifkatu da tsohuwar kyamarata, Mama Kande kuwa tana can layin baya ta ja gyale ta rufe fuska. Da aka tashi za a rako amarya gidan su Bulus, sai na riga kowa isa. Na duba tsakar gida, na ga inda aka jera wa tsofaffi kujeru a inuwar mangwaro, na ga wani dogon rumbu can gefe da tsani a jingine. Na hau, na ɗan ture hular ciyawar da ke rufe shi, na zauna a bakin rumbun, na ja ciyawar ta rufe ni. Bakin gilashin kaɗai ke leƙowa.

Can sai ga su. 'Yan zumuntar mata a gaba da zannuwa iri ɗaya, suna kaɗa tulu suna waƙa, amarya a tsakiya cikin farar riga, Fasto da dattawan ikilisiya a baya. Gida ya cika maƙil. Mama Kande ta zauna a kujerarta, ta sauke gyale, tana tafi tana murmushi. Na saita ta. Fuskarta ta cika mini ido, har zanen da ke kumatunta ina gani. Na ce a raina yau Bulus zai san ya yi aboki.

Waƙa ta tsaya, Fasto ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a. Wuri ya yi tsit. Ni kuma da ya kamata in jira, sai na ga dama ce ta samu kafin ta rufe ido, na danna.

Ƙarau!

A cikin taron akwai Kofur Yohanna, kawun amarya, wanda bai daɗe da ajiye kaki ba. Ya ɗaga kai, ya ga baƙin bututu ya leƙo daga ciyawa yana fuskantar jama'a. Ya kurma ihu da muryar bariki:

"Bindiga! Kowa ya kwanta! Ku kwanta ƙasa!"

Jama'a, ban taɓa ganin taro ya zube lokaci ɗaya irin na ranar ba. Fasto ya kwanta. Dattawa suka kwanta. Amarya da farar rigarta ta kwanta rub da ciki. Wata ta yar da tulu ya fashe, aka ce an harba, ihu ya ƙaru. Ni kuma don in kwantar musu da hankali sai na yunƙura zan miƙe, ina ɗaga abin sama ina cewa, "Ni ne! Ni ne!" Na manta a bakin rumbu nake. Ƙafata ta zame, na tafi da baya, na faɗa ciki, hular ciyawar ta biyo ni ta rufe.

Acca ce a rumbun. Wanda bai san acca ba, ƙwayarta ta fi yashi ƙanƙanta, kuma babu ƙofar da ba ta shiga a jikin ɗan Adam. Hanci, kunne, wando, ko'ina. Ina ciki ina salati, su suna waje suna kiran Yesu. Sai na ji Kofur a kan tsani yana cewa, "Miƙo makami tukuna, in ba haka ba na sa wa rumbun wuta!"

Na miƙa masa. Shiru. Sai na ji ya ce, "Kai! Wannan ai foto ne."

Da igiyar akuya aka jawo ni. Na sauko gaban mutanen da rabinsu na taɓa ɗaukarsu hoto, ina atishawa acca na fita. Babu wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Rifkatu tana kakkaɓe riga tana kuka. Uwar zumunta ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Mai Hoto, kana da hankali kuwa? A ranar albarka?" Bulus ya kasa haɗa ido da ni. Na duba tsohuwar kyamarar da ke wuyana, gilashinta ya tsage gida biyu. Baƙar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta kwanta ba tun farko: Mama Kande. (Daga baya ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, in mutuwa ce ta same ta a zaune.) Ta yafito ni da hannu. Na je na durƙusa. Hausarta irin ta tsofaffin wurin ce, a gajarce.

"Yaro, mene ka nema cikin rumbu na?"

Na ce, "Mama, hotonki nake so in ɗauka. Malam zai yi nisa, yana so ya tafi da fuskarki."

Ta dubi Bulus, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Da ina yarinya, Bature ya zo gona. Lokacin ganye muke ɗaura. Bai gaishe ni ba, bai tambaya ba, ya kama ni cikin akwati ya tafi. Har yau ban san wa yake kallo na ba. Kai ma ka hau sama kamar shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ta fi kunyar faɗawa rumbun nesa ba kusa ba. Bulus ya durƙusa kusa da ni, ya yi mata magana da yarensu. Ban ji me ya ce ba, amma na ga ta dafa kansa.

Ta ce, "To. In za a yi, a yi da mutunci. Bari in sa zani na na Kirsimeti."

Wani sanyi ya ratsa ni, sai kuma na tuna: tsohuwar kyamara ta mutu, baƙar kuma ba ta da gilashi sai dogon. A tsakar gidan, in na leƙa, rabin fuska kawai nake samu. Ita kuma ta ce daga ɗankwali har takalmi take so a gani. Dole aka kwashi kujerarta zuwa filin ƙwallon makarantar da ke bayan gida. Aka zaunar da ita a bakin raga ɗaya, Bulus da Rifkatu a tsaye bayanta, ni kuma na yi ta ja da baya, ina ja, ina ja, har na kusa ɗaya ragar. Daga can ba sa jin muryata. Kofur Yohanna ya tsaya a tsakiyar fili yana isar da saƙo.

Na ce, "Ta ɗan ɗaga kai."

Ya juya ya daka tsawa, "Mama! Kai sama!"

Nan ne dariyar da aka danne ta ɓalle. Fasto har da riƙe ciki. Amarya ta manta da kuka. Mama Kande ma ta kasa riƙewa, ta buɗe baki tana dariya, ni kuma na danna, na sake dannawa, kowace ƙarau sai mata sun yi guɗa.

Washegari a ɗakin wanke hoto sai na tuna kafin bikin ban taɓa gwada fim a baƙar nan ba, ko sau ɗaya. In ta ƙi, ba ni da fuskar komawa Kagoro, Bulus kuma zai tafi hannu wofi. Na tsoma takardar a ruwan magani ina kallo. A hankali ɗankwali ya fito, sai ido, sai dariyar nan gaba ɗaya. Na zauna daɓas a ƙasa na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har maƙwabcina tela ya leƙo.

Bulus ya karɓi hoton a tasha ranar tafiyarsa. Ya kalle shi, sannan ya sa shi cikin aljihun gaban rigarsa ya rungume ni. Mama Kande ta aiko a yi mata nata, babba, kuma ta ce a gaya mini ta yafe accar.

Tun daga ranar, in yaran da ke koyon sana'a suka tambaye ni wace kyamara za su haɗa da dogon gilashi, ina ce musu su ɗauki wadda ba ta da ƙara, wadda ta zo da ƙaramin gilashinta. Sannan in ƙara musu da cewa, kafin su ɗaga ta, su fara zuwa su durƙusa su gaida mai fuskar. Na gwada ɗaya hanyar, a rumbu take ƙarewa.