Mai Fanka Tara Ta Rasu Cikin Rigarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙaurin waya, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutata ta wasa, wadda aka fi sani a gidan nan da Mai Fanka Tara. Ta rasu ranar Asabar da la'asar a kan teburinta na kusa da taga, bayan gajeriyar jinya. Ni na yi jinyar, kuma akwai masu cewa jinyar ce ta ƙarasa ta. Ba ta daɗe a duniya ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne tsohon nan da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tagar tashar mota yana yankar tikiti. Na tura mutane kowane gari, ni kuwa ban je ko'ina ba, ban kuma taɓa riƙe sitiyari ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni ido a kan abin mamaki. Duk wanda ya shiga ɗakina ya ga ƙwan jimina a kan kabad, da matattun agoguna da kowanne ya tsaya a lokacin da ya ga dama, da kwalbar da wani gwani ya san yadda ya yi ya cusa jirgin ruwa a cikinta. Marigayiya ita ce sarauniyarsu.

Sanadin zuwanta gidan nan ɗana ne na fari, wanda yake aiki a wata ƙasa mai nisa. Ni da shi ba mu taɓa faɗa ba. Sai dai in ya bugo waya, mukan yi lafiya lau sau biyu ko uku, mu tambayi juna zafi da sanyi, sai in miƙa wa uwarsa. Bakinmu ba ya buɗewa in muka fuskanci juna, tun yana yaro. Shi ne wata rana ya ce akwai wasan tuƙa tirela da mutum biyu za su hau titi ɗaya, ko da teku ne a tsakaninsu, suna jin muryar juna. Ya turo abin da za a yi sayayya da shi, ya yi mini bayanin kayan a waya ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, to, to. Da na shiga layin masu kayan kwamfuta sai na bi son raina.

Mai shagon, wani mutum mai tabarau da haƙuri da ake kira Injiniya, ya fara ɗauko firosesa, ya ce ita ce ƙwaƙwalwa. Na ga abu bai fi kan sarki girma ba. Na ji kamar an raina mini hankali, na tambaya ko babu babba. Ya ce babu, na karɓa don kunya. Katin hoto kuwa, wanda shi ke zana duk abin da ido zai gani a allo, da hannuna na zaɓe shi. Na ɗaga guda uku ina aunawa, na ɗauki wanda ya fi nauyi, domin a tasha na saba girmama kaya masu nauyi. Babban faifan da ake dasa komai a kansa, wanda suke kira madabod, na ɗauke shi ne saboda in ka leƙa shi daga sama sai ka rantse birni ne, da titunansa da benayensa, har da wani fili a gefe da na sa wa suna tasha. Sandunan ram, da aka ce su ke riƙe mata tunani, na zaɓi masu fitila, waɗanda launi ke gudana a bayansu kamar bakan gizo. Gidanta na gilashi ne, don a ga ikon Allah. Injiniya ya ce fanka shida sun isa. Na ce tara.

Ya rage akwatin wuta, wani baƙin abu marar ado da ake ɓoyewa can ƙasa. Injiniya ya ce shi ne zuciyarta, ya nuna mini mai ƙarfi. Na tambaye shi ko yana da fitila, ya ce a'a. Na tambaya ko ana ganinsa ta gilashi, ya ce a'a. Sai na ce a ba ni ƙaramin, ragowar a zuba a fanka. Ya dube ni ta saman tabarau na ɗan lokaci.

"To Baba, ka dai bar ta ta sha iska," in ji shi.

Na riƙe wannan magana da muhimmanci. Kullum da safe nakan buɗe mata taga.

Marigayiya ta kasance mai ladabi da tsabta da son aiki. In ka taɓa ta, takan ce ɗit, sau ɗaya tak, kamar mai amsa sallama, sannan fankokinta su ɗauki fuuu a hankali, hasken shuɗi ya bi bango har ya taɓa ƙwan jimina. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Na jefa tirela a rami, na hau shataletale ta tsakiya, na taɓa kai lodin shanu wani gari da baya da baya saboda ban gano inda giyar gaba take ba, duk ba ta faɗa wa kowa ba. Mai ɗakina ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba, firijinka mai kwalliya take cewa, har ta taɓa tambaya ko za a iya sanya ruwan sha a ciki ya yi sanyi. Marigayiya ta ji, ta yi haƙuri.

Amma babban alherinta na ranar Asabar ne. Da la'asar nakan sa abin ji a kunne, ɗana ya fito da tirelarsa ja a gaba, ni da tawa koriya a baya, mu kama hanya. A nan na gano wani abu da duk zamana a tasha ban gane ba, duk da na sha ganin direba da yaron mota suna sauka suna dariya. Mutum in idonsa na kan titi, bakinsa yakan saki. A bayan wannan jar tirela na ji labarin maigidansa mai faɗa, da ciwon bayansa, da yadda yake cin abinci a tsaye shi kaɗai. A kan wani hawa mai dusar ƙanƙara ya tuna mini ranar da na kai shi tasha yana ƙarami, na zaunar da shi a kan buhu na manta da shi har yamma. Na ce ban manta ba, gwada haƙurinsa nake yi. Ya yi dariya har ya daki shingen titi.

Rashin lafiyarta ya fara ne da ƙauna. Na lura ƙura tana sauka a gilashinta, abin ya dame ni, domin a gidan nan duk abin da ake girmamawa ana rufe shi: talabijin yana da mayafinsa, keken ɗinki yana da nasa. Sai na kira maƙwabcina tela ya zo da tef ya auna ta, kafaɗa da tsawo da ƙugu. Ya ɗinka mata riga ta karan-miski ruwan ƙasa, da shafi mai kauri a ciki, da zif a baya, ya bar taga ta farar leda a gaba don a riƙa ganin fitilu. Tela ya ce bai taɓa yin ɗinkin da ya zauna ɗas a jikin mai shi kamar wannan ba. Gaskiya ya faɗa. Ko allura ba ta da wurin shiga.

Daga ranar muryarta ta canza. Fuuu ya koma huuuu, mai ƙarfi, na ɗauka murna ce. Sai hoto ya fara tsalle. Sai ta fara suma a tsakiyar tafiya, in tashe ta, ta sake suma, in sake tashe ta. Na ɗora hannu a kan riga na ji jikinta zafi rau, teburin ma yana karkarwa. Zafin jiki da karkarwa, duk wanda ya yi renon yara ya san sunan wannan ciwo. Na ɗauko bargona na lulluɓa mata a kan rigar, na kuma rufe taga a karo na farko, kada iska ta buge ta. Mai ɗakina ta leƙo ta ce saura a dafa mata shayi.

Ranar Asabar ta daure ta tashi. Muka kama hanya, muka hau wata doguwar gada, ruwa dama da hagu, rana tana faɗuwa a allo. Ɗana yana gaba, ni ina bin sa. Can sai ya rage gudu.

"Baba, akwai wata magana da na daɗe ina son in faɗa maka."

Kalmar ƙarshe da marigayiya ta furta ita ce fat. Ƙaramar zuciyar nan da na zaɓa mata ta fashe, ta tafi da katin hoto da madabod gaba ɗaya. Hayaƙi ya fito ta zif.

Na rarumi waya na kira shi, na ce ina jin ka, wace magana ce? Ya ce ba komai, Baba, sai wani lokaci. Muka yi lafiya lau sau biyu. Na miƙa wa uwarsa.

Injiniya ya zo gida ya duba gawa. Ya yaye bargo. Da ya iske riga a ƙarƙashi, sai ya nemi kujera ya zauna. Ya tambaya wa ya ɗinka, na ce tela, ya ce aikin ya yi kyau. Sai ya tattara kayan aikinsa ya tafi.

Marigayiya ta rasu ta bar allo guda, wanda yanzu ba ya nuna komai sai fuskata. Ta bar madannai, da sitiyarin roba da na ɗaure a bakin tebur, da sandunan ram da ake sa ran za su rayu, da firosesar da na raina, wadda aka ce ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta bar fanka tara, dukansu cikin ƙoshin lafiya, ba su san me ya faru ba. Ta bar riga ɗaya, wadda mai ɗakina ta riga ta gwada wa injin markaɗe. Ta kuma bar tirela biyu a tsakiyar gada, ja a gaba, koriya a baya, da magana a bakin mai jar.

Game da jana'iza, an ɗan jinkirta ta. Mai ɗakina ce ta ba ɗana labarin rigar da bargon, ban aike ta ba. Ina daga ɗaki ina jiyo dariyarsa ta cikin waya, har tana ce masa ya sha ruwa. Da ya huce sai ya ce kada a taɓa gawar, hutunsa ya kusa, zai zo da kansa ya ga wannan riga da idonsa, kuma shi zai zaɓi sabuwar zuciya, ni aikina in tsaya a bakin shago.

Saboda haka za a ɗauki marigayiya ranar Asabar ta farko bayan saukarsa, da la'asar, daga gida zuwa shagon Injiniya, inda za a raba abin da ya ragu. Tela ya ba da aron motarsa, yana ganin da hannunsa a ciki. Ɗana ne zai tuƙa. Marigayiya za ta kwanta a kujerar baya, ba riga, gilashin mota a sauke. Ni zan zauna a gaba, idona a kan titi.

Ana roƙon masu rakiya su yi haƙuri su nemi wata motar, wannan ta cika. Kada kuma wanda ya riga mu isa ya damu in ya ga mun daɗe. Akwai gajeriyar hanya zuwa shagon, amma na riga na shaida wa direba cewa ana gyaranta, sai dai mu zagaya ta bayan gari, ta kan gada.