Ranar Da Na Ƙi Amsa Sunana

Shekarar da council, wato ƙaramar hukumar da muke wa aiki, ta rage mana kwanakin aiki a Manchester, abokina Bala ya samo mana yawo mai araha: bin ruwa cikin kwazazzabon duwatsun Wales, da igiya da hular kwano. Na ce ni da na tashi ina iyo a kogin garinmu, wannan ai wankan jarirai ne. Na wuce jagorarmu, wata Baturiya, na yi gaba ni kaɗai.

Sai kwazazzabon ya tsuke, ya yi duhu, ruwan ya koma baƙi ƙirin. Can na ji muryar mace tana kiran sunana daga cikin dutse, na waiga ba kowa. Kakata ta sha gargaɗina: in an kira ka a bakin ruwa ba ka ga mai kira ba, kada ka amsa. Na maƙale bayan dutse ina karanto Ayatul Kursiyyu, muryar tana matsowa kamar mai kuka.

Ashe jagorar ce. Har ta sa an kira masu ceto, ta ɗauka na nutse.

Bala ya kai labarin har Birmingham. Yanzu in matata za ta kira ni cin abinci, sai ta fara leƙowa: "Baban Amina, ka gan ni ko? Mutum ce. Amsa."